Yadda Ake Buɗe Tashar YouTube Ta Gwajin Fedojin Jita

Fedar jita ƙaramin akwati ne na ƙarfe ko na roba wanda makaɗi ke ajiyewa a ƙasa tsakanin jitarsa ta lantarki da amfulifaya, yana taka shi da ƙafa domin sautin ya sauya, ko dai ya yi kaushi, ko ya yi amsa-kuwwa, ko ya riƙa kaɗawa, ko ya maimaita kansa. Tun daga 1962, shekarar da kamfanin Gibson ya fitar da Maestro Fuzz-Tone, ire-iren waɗannan akwatuna suka yi ta ƙaruwa har suka kai dubbai, kuma babu shagon da zai iya tara su duka balle ya bar kowane mai saye ya gwada su a natse. Wannan ne ya sa makaɗa da yawa a yau sai sun saurari feda a YouTube kafin su sa hannu a aljihu.

Tasirin da irin waɗannan bidiyoyi ke da shi a kasuwa ba ƙarami ba ne. A 2023 Josh Scott, mai kamfanin JHS Pedals a Amurka, ya ɗora bidiyo yana kwatanta wata feda mai araha da aka daina ƙerawa, DigiTech Bad Monkey, da Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya fara sayarwa a 1994 kuma a yau ake cinikinta da dubban daloli. Mutane suka ji cewa idan an saita su da kyau da wuya kunne ya raba su, kuma cikin 'yan kwanaki farashin Bad Monkey ta hannu ya tashi daga gomomin daloli zuwa ɗaruruwa. Abin da ya jawo haka shi ne masu kallo sun yarda cewa abin da suka ji shi ne ainihin sautin fedojin biyu. Wannan yarda ita ce jarin tashar, kuma duk matakan da ke tafe an tsara su ne domin mai kallo ya ji fedar kanta, ba tare da ɗakin da aka yi ɗauka, ko ƙwarewar yatsun makaɗi, ko ƙarin ƙarfin sauti sun yaudare shi ba.

Ka fara da zaɓar fagenka

Manyan tashoshin wannan fage, irin su That Pedal Show ta Dan Steinhardt da Mick Taylor a Ingila, da bidiyoyin Andy Martin waɗanda suka faro a shagon ProGuitarShop na Amurka, sun riga sun gwada kusan duk wata feda mai suna, da kyamarori da amfulifayoyin da sabon shiga ba zai iya tarawa ba. Yin gasa da su a kan sabuwar fedar da ta fito makon jiya ɓata lokaci ne. Amma akwai abin da suka bari. Ba su cika tsayawa a kan fedojin da makaɗi zai samu da gaske a kasuwar Alaba ta Legas ko a shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano ba, wato kayan Joyo da Mooer da Nux da Behringer, da na'urorin Zoom masu tattara sautuka da yawa a akwati ɗaya, da tsofaffin Boss na gwanjo. Haka kuma salon da suke gwaji da shi kusan kullum na kiɗan Amurka da Ingila ne. Wanda ke koyon salon jitar Agadas, wanda Bombino da Mdou Moctar da ƙungiyar Etran de l'Aïr suka kai duniya, ko mai kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan coci a Jos da Kaduna, yana bukatar jin yadda feda ke amsa kiɗa mai saurin yatsu wanda ke zagayawa a kan sauti ɗaya, kuma yana bukatar a yi masa bayani da harshen da yake tunani da shi. A ganina wannan fili ne da ya isa a gina tasha a kai, kuma wanda ya shige shi da Hausa ba zai tarar da cunkoso ba.

Kayan ɗaukar sauti

Jita guda ɗaya ta isa, muddin tana riƙe saitinta kuma tsirkiyoyinta ba su tsufa ba. Ka ajiye na'urar daidaita tsirkiya kusa, ka duba saitin kafin kowace ɗauka, domin feda mai kaushi tana tona asirin tsirkiyar da ta sassauta fiye da yadda sauti tsantsa ke yi.

Makirfon wayar salula ba ya cikin lissafi. Wayar tana da tsarin da ke rage sauti mai ƙarfi ya kuma ɗaga mai rauni ba tare da an tambaye ta ba, wanda ke nufin za ta shafe ainihin bambancin da kake son nunawa, sannan ta kwaso ƙarar fanka da ta babura a titi. Abin da ake bukata shi ne sawun kad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, irin su Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, kuma daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce a kafa makirfo a gaban lasifikar amfulifaya. Shure SM57, wanda ake ƙerawa tun 1965, shi ne aka fi amfani da shi a wannan aiki. Idan ka saita shi daidai tsakiyar lasifikar sautin zai fito da kaifi, idan ka matsar da shi zuwa gefe zai yi duhu da taushi, kuma matsawar da ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba tana iya sauya sauti fiye da yadda wata fedar ke sauya shi. Don haka da zarar ka sami wurin da ya yi maka, ka manna salatif a jikin kyallen amfulifayar domin makirfon ya riƙa komawa wuri ɗaya a kowane bidiyo.

Hanya ta biyu ita ce a fito daga fedar kai tsaye zuwa sawun kad, a bar wata manhaja a kwamfuta ta kwaikwayi amfulifaya da lasifikarta. Neural Amp Modeler kyauta ce kuma ta wadatar. Ga mai zama a gidan haya ko unguwa mai hayaniya wannan hanya ta fi sauƙi, tunda ana iya yin ɗauka da tsakar dare ba tare da an tashi maƙwabta ba. Sai dai kada a tsallake kwaikwayon lasifikar. Lasifikar jita ba ta fitar da sautin da ya haura kimanin 5,000 Hz sosai, kuma ita ce ke tace ƙaiƙayin da ke cikin sautin feda mai kaushi; idan babu ita, fedar da ta fi kowace daɗi za ta fito tamkar ta lalace. Kowace hanya ka bi, ka rubuta ta a ƙarƙashin bidiyon, har da sunan jitar da na amfulifayar.

Batun wuta

A nan ne sabon shiga ya fi yin asarar kaya, kuma a nan ne ƙarar da ke ɓata bidiyo ta fi fitowa. Yawancin fedoji suna bin tsarin da Boss ya yaɗa tun ƙananan fedojinsa na farko a 1977, wato wutar 9V mai gudana hanya ɗaya (DC), tsakiyar kan adaftar kuma shi ne ɓangaren da ke da alamar ragewa (-). Adaftocin da ke yawo a gida, na na'urar intanet ko na dikoda, akasarinsu akasin haka suke, kuma da yawa 12V ne, ga shi kansu yana shiga ramin fedar daram kamar don ita aka yi shi. Kafin ka jona kowace adafta ka duba ɗan zanen da ke jikinta, ka tabbata alamar ragewa ce ke haɗe da ɗigon tsakiya, ka kuma tabbata DC aka rubuta, domin wasu tsofaffin na'urori irin su Line 6 DL4 ta farko suna zuwa da adaftar 9V ta AC, wadda ke iya ƙona fedar da ba tata ba.

Sai yawan wutar da kowace feda ke sha. Feda mai sauƙin ƙira irin su Ibanez Tube Screamer ko Boss DS-1 ba ta wuce kimanin 10 mA, har batir ɗaya yana ɗaukar ta tsawon lokaci, amma fedojin da ke da ƙwaƙwalwar kwamfuta a ciki, na maimaita sauti da na amsa-kuwwa, suna iya shan 100 zuwa 300 mA. Idan aka haɗa irin waɗannan biyun a kan waya guda mai rassa, sau da yawa wani siririn kuka yana shiga sautin. Maganinsa shi ne akwatin wuta mai keɓe kowace mafita daban, ko kuma, tunda gwajin feda ɗaya ake yi, a sa wa mai ƙaramin ci batir. Wanda ya zaɓi batir ya tuna ya zare wayar jitar daga fedar idan ya gama, saboda a yawancin fedoji shigar wayar ce ke kunna batir, kuma zai ƙare ko da fitilar fedar a kashe take.

Wutar gida a Najeriya 230V ce mai 50 Hz, ta Nijar ma kusan haka, ta Amurka kuwa 120V ce. Amfulifaya ko adaftar gwanjo da ta fito daga Amurka tana bukatar na'urar rage wuta, sai fa idan an rubuta a jikinta cewa tana karɓar 100 zuwa 240V. Gunjin nan mai kauri da ke fitowa daga amfulifaya ko da ba a taɓa jita ba daga wutar yake, kuma jita mai maganaɗisu guda-guda (na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar sautinsu) irin na Stratocaster ta fi kwaso shi. Kafin ka zargi fedar, ka kashe fanka da doguwar fitila, ka zare cajar kwamfuta ta ci gaba da aiki a kan batirinta, ka nisanta cajar waya, sannan ka juya a hankali da jitar a jikinka, domin kusan kullum akwai kusurwar da gunjin ke raguwa. Ƙaramin janareta da inbata mai araha su ma suna ƙara datti a sautin, shi ya sa ɗauka da kwamfuta a kan batir da feda a kan batir ita ce mafi tsabta da talaka zai iya samu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙara muhimmanci. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfulifaya ta cikin wayar, saboda haka idan amfulifayar ta sami matsala kuma soket ɗin gidan ba shi da layin ƙasa, wutar ta jikin makaɗi za ta bi. A 1972 wuta ta kashe makaɗin jita Les Harvey a kan dandamali a birnin Swansea lokacin da ya taɓa makirfon da ba a haɗa layin ƙasarsa ba. Kada ka karya ƙafa ta uku ta filogi don kawar da gunji, kuma idan ka taɓa jin ɗan tsikari a yatsu ko a leɓe, ka dakata har mai gyaran wuta ya duba.

Yadda ake gwajin kansa

Kowane gwaji ya fara da sautin jitar tsantsa, feda a kashe, na tsawon daƙiƙa goma zuwa ashirin. Idan mai kallo bai san inda aka taso ba, ba zai san abin da fedar ta ƙara ba. Daga nan ka kaɗa jimlar kiɗa guda, ka taka fedar, ka maimaita wannan jimlar ba wata ba. Sabon mai tasha yakan so ya nuna gwanintarsa, ya kaɗa abu mai sanyi lokacin da fedar take kashe sannan ya ɓarke da gudu idan ya kunna ta, kuma abin da mai kallo zai ɗauka daga nan shi ne yatsun sun iya, ba wani abu game da akwatin ba.

Abu na biyu, wanda ya fi komai wahalar kiyayewa, shi ne daidaita ƙarfin sauti. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar sautin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi, ya fi cika, ya fi haske, ko da bambancin kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya kwatanta fedoji biyu alhali ɗaya ta fi ƙarfi kamar mai awon hatsi ne da ke sauya mudu tsakanin buhu da buhu. A ɗauki Tube Screamer misali, wadda Ibanez ya fitar da samfurinta na TS808 a 1979 da TS9 a 1982. Maɓallan murɗawa uku gare ta, an rubuta Drive (Overdrive a TS808) a kan na kaushi, Tone a kan na kaifin sauti, Level a kan na ƙarfin sauti. Ka ajiye Drive a wajen ƙarfe tara na agogo, Tone a ƙarfe goma sha biyu, sannan ka kaɗa jimlarka kana kallon ma'aunin sauti a manhajar ɗauka, feda a kashe. Ka lura da inda ma'aunin ke tsayawa, ka kunna fedar, ka riƙa murɗa Level kaɗan-kaɗan har ma'aunin da kunnenka su yarda cewa ƙarfin ya zo ɗaya. A lokacin ne za ka ji abin da wannan feda ke yi da gaske: tana rage kaurin ƙasa, tana tura sautin tsakiya gaba daga wajen 720 Hz, shi ya sa jita ke fitowa fili a cikin ƙungiya ko da ba a ƙara mata ƙarfi ba. Idan kuma kana son nuna yadda ake amfani da ita wajen ingiza amfulifaya, wato Drive a ƙasa Level a sama, ka nuna, amma ka faɗa wa mai kallo cewa yanzu da gangan ka ƙara ƙarfin.

Hannu biyu ba za su kaɗa jita kuma su murɗa maɓalli a lokaci guda ba, kuma mafita ita ce lufa, fedar da ke naɗar abin da ka kaɗa ta riƙa maimaita shi, irin su TC Electronic Ditto da ta fito a 2013. A wasa na yau da kullum ana ajiye lufa a ƙarshen jerin fedoji, amma a gwaji sai a sa ta a farko, tsakanin jita da fedar da ake gwadawa. Ka naɗi jimla mai tsawon daƙiƙa takwas ko goma, wadda ta ƙunshi bugu mai taushi da mai ƙarfi, sauti ɗaya-ɗaya da kuma tsirkiyoyi a haɗe, ka ajiye jitar, ka bar lufar tana zagayawa yayin da kake murɗa maɓalli ɗaya daga ƙasa har ƙarshe, sauran suna tsaye a tsakiya. Ka murɗa a hankali, ka tsaya a wurare uku ko huɗu har jimlar ta zagayo cikakkiya. Har wuraren da sautin ya munana ka bari a ji, domin mai saye yana da haƙƙin sanin inda fedar ke daina amfani.

Wannan dabara tana da iyaka guda wadda ya kamata a sani. Fedojin faz, wato masu tsananin kaushi, na tsohuwar ƙira, irin Fuzz Face da aka fara yi a Landan a 1966, suna magana kai tsaye da maganaɗisun jitar, kuma rabin daɗinsu yana cikin yadda sautin ke washewa idan makaɗi ya rage ƙarfi daga jikin jitar. Idan aka sa lufa ko wata fedar Boss a gabansu wannan hali yana ɓacewa, sautin ya yi tsauri. Irin waɗannan da hannu ake gwada su, su ne farko a jeri, kuma lalle ne a nuna murɗa maɓallin jitar. Waɗanda aka ƙera da taransistocin jamaniyam kuma zafi yana sauya su, ta yadda fedar da ta yi daɗi da sanyin asuba a watan Janairu za ta iya shaƙewa da azahar a watan Afrilu. Mai tasha a Sakkwato ko Yamai yana da damar nuna wannan a zahiri, abin da mai gwaji a Ingila sai dai ya ba da labarinsa.

Ga fedar maimaita sauti, lambobi sun fi siffantawa amfani. Ana auna tazarar maimaicin da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma lissafin mai sauƙi ne: ka raba 60,000 da yawan bugun kiɗan a minti ɗaya. Kiɗa mai bugu 120 yana ba da 500, kashi uku cikin huɗu na wannan kuma 375 ne, tazarar da ke sa maimaicin ya faɗa tsakanin bugu har kiɗan ya zama kamar ya ninku. Ka nuna gajeren maimaici na wajen 100, ka nuna waɗannan biyun, ka kuma kai fedar ƙarshen iyawarta, wanda a Boss DD-3 ya tsaya a 800, a tsohuwar DM-2 kuma a 300. Bayan kowace jimla ka danne tsirkiyoyin da tafin hannu ka yi shiru har wutsiyar sautin ta mutu da kanta, saboda a wannan wutsiyar ne ake jin ko maimaicin yana dushewa ko yana nan da haskensa. Haka ma fedar amsa-kuwwa. Masu tace bidiyo sukan yanke shirun nan don suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ne abin da aka zo ji.

Idan gwajin ya haɗa fedoji da yawa, jerin da aka saba shi ne na'urar daidaita tsirkiya, sai wah (fedar da ake takawa gaba da baya sautin ya riƙa yin "wa-wa"), sai mai matse sauti (mai rage tazarar sauti mai ƙarfi da mai rauni), sai masu kaushi, sai masu kaɗa sauti irin su feza da koras, sannan mai maimaitawa, amsa-kuwwa a ƙarshe. Ba doka ba ce, kuma bidiyon da ke nuna feza irin MXR Phase 90 a gaban feda mai kaushi sannan a bayanta ya fi dogon bayani koyarwa.

Hoto

Wayar salula ta isa. Ka kafa ta a sama tana kallon fedar da ke kan kyalle marar ado, kusa da taga, yadda rubutun maɓallan zai karantu, ka kulle haske da saitin idon kyamarar domin hannunka kada ya riƙa rikita su, ka kuma sa wayar a yanayin jirgin sama don kada siginarta ta shiga amfulifaya. Idan da fitilar lantarki kake ɗauka, ka zaɓi hoto 25 a daƙiƙa, wanda ya dace da wuta mai 50 Hz kuma yake hana hoton ƙyaftawa. Kafin ka fara, ka goge ƙurar jikin fedar, ka murɗa kowane maɓalli sau da yawa. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsu ta sa su ƙarar ƙas-ƙas, kuma feshin wanke kayan lantarki yana gyara mafi yawansu. Da zarar kyamara da kwamfuta sun fara ɗauka, ka bugi tsirkiyoyin sau ɗaya da ƙarfi inda kyamarar ke gani, wannan bugun ne za ka yi amfani da shi wajen haɗa hoto da sauti.

Tacewa da ɗorawa

Ka ɗauki sautin a 48 kHz, ka bar ƙololuwarsa tana tsayawa tsakanin -12 da -6 dB domin kada ya fashe. Manhajar tace sauti Audacity kyauta ce, manhajar tace bidiyo DaVinci Resolve ma tana da sigar kyauta ga mai kwamfuta mai ƙarfi. Muryarka kana iya gyara ta yadda kake so, amma sautin jitar kada ka ƙara masa komai bayan ɗauka, ko matsewa ko gyaran kauri da kaifi. Ƙure ƙarfi ma ba shi da riba, tunda YouTube yana rage duk bidiyon da ya wuce ma'auninsa. Mafi yawan masu kallonka da lasifikar waya za su saurara, wadda ba ta fitar da kaurin ƙasa, saboda haka ka roƙe su tun farko su sa abin ji a kunne. Ka bari a ji jitar cikin daƙiƙu goma sha biyar na farko, gaisuwa da tarihin fedar su biyo baya, ka kuma rubuta mintocin da kowane sashe ya fara a ƙarƙashin bidiyon don mai ƙarancin data ya tsallaka inda yake so.

A taken bidiyo ka rubuta sunan fedar daidai yadda yake a jikinta, Boss SD-1 ko Joyo JF-01, domin da shi ake nema, sauran taken ya zama da Hausa. Fassarar Faransanci ko Turanci a ƙasan hoto tana faɗaɗa masu kallo ba tare da ta taɓa maganarka ba. Kiɗan da za ka yi gwaji da shi kuma ya zama naka. YouTube yana da tsarin Content ID mai gano waƙoƙin da ke da masu haƙƙi, kuma yana iya kama karin waƙa ko da kai ka kaɗa shi da hannunka, ya mayar da kuɗin tallar bidiyon ga mai waƙar. Jimloli biyar ko shida naka na kanka, waɗanda za ka riƙa maimaitawa a kowane bidiyo, sun kawar da wannan matsala, kuma masu bibiyarka za su saba da su har su riƙa kwatanta fedar yau da ta watan jiya.

Samun fedoji da batun kuɗi

Babu mai farawa da zai iya sayen feda don kowane bidiyo. Aro ake yi, daga abokan kiɗa, daga situdiyo, daga masu kaɗa wa coci, daga mai shago da zai yarda ya ba da kaya na kwana biyu a ambaci shagonsa. Shagon Andertons na Ingila da bidiyoyin gwaji ya zama sananne a duniya, saboda haka akwai hujjar da za ka kai wa mai shago. Kayan aro a mayar da shi kan lokaci, da kwalinsa da adaftarsa. Idan wani ya ba ka feda kyauta ko ya biya ka, ka faɗa da bakinka a farkon bidiyon, ka kuma danna wurin da YouTube ya tanada don bayyana tallar da aka biya. Ka shaida wa mai kayan tun kafin ka karɓa cewa idan fedar tana da gunji ko maɓallinta na roba ne marar ƙwari za ka faɗa. Jabun kaya ma suna yawo da sunayen manyan kamfanoni, don haka fedar da ba ka tabbatar da asalinta ba kada ka gabatar da ita a matsayin ta gaske.

Kuɗin talla ba ya zuwa da wuri. Najeriya tana cikin ƙasashen da YouTube ke biyan masu tasha, amma sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awannin kallo 4,000 cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyoyi cikin kwana 90, kuma ba a tura kuɗin sai sun kai dala 100. Makaɗan jitar lantarki masu jin Hausa ba su da yawan da zai cika waɗannan lambobi da sauri, shi ya sa abin da tashar za ta fara jawo wa mai ita ya fi yiwuwa ya zama ɗalibai, aikin situdiyo, da masu neman a haɗa musu jerin fedoji. Bidiyo ɗaya mai kyau duk mako biyu ya fi uku a mako ɗaya sannan shiru na wata biyu.

Tun daga bidiyon farko ka buɗe littafi kana rubuta saitin amfulifaya, wurin makirfo, matsayin kowane maɓalli, da irin wutar da aka yi amfani da ita. Ka kuma ajiye naɗin jitar tsantsa na jimlolinka a kwamfuta da wani wuri na daban. Da ƙaramar na'urar da ke mayar da sautin kwamfuta zuwa ƙarfin da feda ke karɓa, za ka iya tura wannan naɗin cikin fedar da ka aro bana da wadda za ka aro baɗi, ka haɗa su a bidiyo ɗaya ko da ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba.